Faifai mai haƙora 179: littafin aikin na'urar bin taurari

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Na'urar da nake son haɗawa aikinta guda ne. Za ta ɗauki kyamara ta riƙa juya ta sannu a hankali daga gabas zuwa yamma, daidai da tafiyar taurari, yadda zan iya barin idon kyamarar a buɗe minti ɗaya ko biyu ba tare da taurari sun koma zare-zare a hoto ba. Idan da taurari aka auna, duniya tana gama juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4, wato sakan 86,164. Na'urar ma juyi ɗaya za ta yi cikin wannan lokacin, ba ƙari ba ragi.

Ƙanƙantar ma'aunin ita ce ke sa aikin ya buƙaci tsantseni. Digiri ɗaya ana raba shi gida 3,600, kowane gida shi ne sakan ɗaya na kusurwa. Faɗin wata a sama kusan 1,800 ne. Da gilashina mai milimita 135, kowane ɗigo a hoton kyamarata yana ɗaukar kusan 6.6, taurarin da ke ratsa tsakiyar sama kuma suna tafiyar 15 a kowane sakan na agogo. Sakan ɗaya kacal, tauraro ya tsallake ɗigo biyu. Shi ya sa duk hoton Kaza da 'ya'yanta da na ɗauka a kan ƙafa uku, ko dai ya fito da duhu ko ya fito da jela.

Katako, boris, moto mai taku-taku da ƙaramin allon Arduino, 'yar kwamfutar da za ta riƙa ba moton umarni, duk abin saye ne. Abu biyu ne ba a samu a kanti: faifai mai ƙananan haƙora a gefensa, da sandar tiredi da za ta kwanta cikin haƙoran tana tura faifan haƙori ɗaya a duk juyi. Na zana faifai mai haƙora 180, faɗinsa milimita 100 da 'yar ɗoriya, da sanda mai tiredin M12, wanda tazarar haƙoransa milimita 1.75 ce. Da wannan lissafi sandar za ta riƙa juyi ɗaya cikin sakan 478.7, kusan minti takwas.

Na tura zanen ga wani kamfani na ƙasar waje da ke karɓar aiki ta intanet, yana yankawa da injin da kwamfuta ke sarrafawa. Farashin ya haura dala 200, ban da kuɗin jirgi da na kwastam. A canjin Oktoban 2025 abin ya doshi naira 300,000. Ban ga laifinsu ba. Abin da ke cin kuɗi a irin wannan aiki shi ne lokacin shirya injin, kuma shirin guda ne ko faifai ɗaya za a yanka ko ɗari, sai mai son guda ɗaya ya ɗauki nauyin duka. A nan Sakkwato za a yi shi, in Allah ya yarda.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na fara da unguwar Maƙera Assada, don a garin nan idan aka ce ƙarfe can hankali ke fara zuwa. Aikinsu na wuta da guduma ne, kuma ba su ɓata min lokaci ba: suka ce wannan na masu injin feƙe ƙarfe ne, in nufi wajen makanikai. Masu injin kuwa a gefen garejoji suke zaune, a Buzaye da wajen J. Allen, domin makanikai ne abokan cinikinsu. Bushi ya cinye, shaf ya lanƙwashe, dram ɗin birki na son a share masa fuska, wannan shi ne abincinsu na kullum.

Wani ya dubi zanen, ya ga milimita 0.01, wato iyakar kaucewar da na yarda da ita, a gefen kusan kowane awo, ya miƙo min takardata ya ce ba zai ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Amsarsa ta fi kwanta min a rai a kan ta wanda ya ce in ajiye kuɗi in dawo gobe, alhali ko bayan takardar bai duba ba. Wani kuma injinsa tsoho ne na Ingila, mai yanka tiredin inci. Irin wannan injin yana iya yanka na milimita idan akwai giya mai haƙora 127 cikin kayansa, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, ninki biyar ɗinsa kuma 127. Tasa ta ɓace tun kafin injin ya zo hannunsa.

Da la'asar wani bakanike ya raka ni wurin wani dattijo. Injinsa yana yanka tiredin milimita, yana da agogon awo mai allurar da ke nuna rawar ƙarfe, maikromitarsa ta auna kauri kuma tana cikin akwatinta nannaɗe da tsumma mai mai. Wannan kaɗai ya sa na zauna. Ya daɗe yana kallon zanen kafin ya yi magana.

"Malam, wanga rami na tsakiya, mi za ya shiga cikinai?"

"Shaf ne, Baba, mai milimita 20. Shi kuma zai zauna cikin boris biyu."

"To ka kawo boris ɗin. Takarda ba ta shiga rami, abin da za ya shiga shi ka gaya muna gaskiya. Kuma ka koma ka duba lambobin ga naka. Wanda duk kac ce dole ne, kuɗinai daban."

Asabar, 25 ga Oktoba

Na zauna da biro na bi awo ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: idan wannan ya kauce, me zai sami tauraro a hoto? Abin da ya fito ya sauya tsarin aikin gaba ɗaya.

A ɗauka ramin tsakiyar faifan ya kauce da milimita 0.05. Daga tsakiya zuwa gefe milimita 50 ne, kuskuren ya zama kashi ɗaya cikin dubu, wato kusan sakan 200 na kusurwa. A takarda abin tsoro ne. To amma faifan juyi ɗaya yake yi a yini da kwana, don haka kuskuren cikin awa 24 yake hawa ya sauka. A minti ɗaya, ko a inda ya fi tsanani, bai cika sakan ɗaya na kusurwa ba. Kyamarata ba za ta san an yi ba.

Sandar fa? A ɗauka tsakiyar tiredinta ta kauce wa tsakiyar boris ɗinta da milimita 0.02 kawai. Gefen haƙorin tiredi a karkace yake da digiri 30, saboda haka wannan rawa tana komawa tura faifan gaba da baya da kusan milimita 0.012. A sama wannan kusan sakan 48 ne na kusurwa, ɗigo bakwai a hoto, kuma yana zuwa ya koma a duk minti takwas. Idan kuwa sandar tana ɗan zamewa gaba da baya a mazauninta, milimita 0.01 kaɗai ya kai sakan 41.

Ashe babban faifan nan mai cika ido, wanda ya cinye kaso mafi tsoka na farashin waje, mai haƙuri ne. Ƙaramar sandar ce ba ta yafiya.

Na sake zanen. Abu uku kaɗai na bari da tsanani: wuyan sandar biyu da za su shiga boris mai lamba 608, wanda raminsa milimita 8 ne, tiredin sandar, wanda dole tsakiyarsa ta zama ɗaya da ta wuyan, sai ramin faifan, ya kama shaf ba lako-lako. Sauran duka na ba su rangwamen rabin milimita. Na kuma ƙara dabara biyu da za su sauke wa mai injin nauyi. Mazaunin sandar ba zai kafe ba, sifirin ne zai riƙa danna shi a jikin faifan, ta yadda ko faifan yana ɗan rawa sandar za ta bi shi. Sannan na daina cewa sai haƙora 180. Moton daga Arduino yake karɓar gudunsa, lamba guda zan canza a cikin umarnin. Sharaɗin kawai shi ne haƙoran su haɗu, idan an zagayo na ƙarshe ya faɗa daidai kan na farko.

Wannan ya buɗe ƙofar hanyar da masu haɗa madubin hangen taurari a gida suka daɗe suna bi. Ana ɗaure taf, wato ƙarfen da ake yanka tiredi cikin rami da shi, a bakin injin. Ana kwantar da faifan a gefensa a kan boris yadda zai iya juyawa da kansa, sai a matso da shi har ya taɓa taf ɗin. Taf yana yanka, yana kuma jan faifan ya zagaya. Ba a buƙatar injin raba haƙora ko kaɗan.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Maganar ƙarfen da za a yanka. Masu zubin tukunyar dalma sun ce za su zuba min faifai da ɗan kuɗi kaɗan, kuma na so hakan, don aikin ya zama na gida tun daga tushe. Na karɓo gutsuren gwaji na kai wa Baba. Da ya share masa fuska sai ga ƙananan ramuka a ciki kamar cikin burodi. A tukunya ba su hana komai, amma zurfin haƙorina da ƙyar ya kai milimita ɗaya, rami guda ya isa ya cinye haƙori. Na haƙura. Ƙanina da ke Kano ya yanko min gutsure biyu na farantin alminiyam mai kaurin milimita 12 a Ƙofar Ruwa, ya ba direba ya kawo. Ya haɗo da sandar tagulla da taf M12 mai murɗaɗɗen rami.

Murɗaɗɗen na nace a samo. Taf mai miƙaƙƙen rami, duk lokacin da ramin ya zo daidai faifan sai ya sake shi na ɗan lokaci, faifan ya tsaya ko ya zame. Murɗaɗɗe kuwa ko yaushe akwai haƙorinsa a cikin ƙarfe.

Boris a nan na saya: 608 guda biyu na sanda, 6204 guda biyu na babban shaf, mai rami 20, faɗi 47, kauri 14. Dole su zama biyu kuma da tazara tsakaninsu. Shaf ɗin na'urar yana fuskantar wajen tauraron arewa, inda taurari ke kewayawa, tsayin wurin a sama kuma, a digiri, daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. Sakkwato tana kan digiri 13, ke nan shaf ɗina kusan a kwance zai zauna, nauyin kyamara yana rinjayar bakinsa. Zanukan da mutanen Turai ke yi, inda shaf ke miƙe da digiri 50, ba su cika damuwa da wannan ba.

Mun yi ciniki da Baba. Kuɗin hannu daban, man janareta nawa ne idan babu wuta, kuma aikina zai jira duk ranar da bakanike ya zo da motar da ke kan jak. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sauko da farashin sosai, kuma adalci ne. Mai mota yana da fasinja, taurari kuwa suna nan.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Yau aka taɓa faifan. Babu wuta, muka tayar da janareta.

Baba ya fara da shaf. Ya feƙe shi daga wani tsohon ƙarfen mota, yana yi yana gwada boris, har ya kai inda boris ɗin ke shiga da ɗan bugun tafin hannu. Daga nan ya huda faifan ya gyara ramin a kan shaf ɗin. Sai ya ɗaura faifan a jikin shaf ɗin kansa ya feƙe gefen, don gefe da rami su zama tsakiyarsu ɗaya. A ƙarshe ya yanka ɗan kwari mara zurfi ya zagaye gefen, inda taf zai kwanta.

Shirin ya fi yankan cin lokaci nesa ba kusa ba. Ya cire mariƙin wuƙar injin, ya ɗaura wani guntun ƙarfe mai fegi a tsaye, ya kwantar da faifan a kai da boris a ƙasa da washa a sama, yana juyawa da ɗan yatsa amma ba ya ɗagawa. Tsayin sai da aka yi ta cusa yankakken gwangwani a ƙasa har tsakiyar kaurin faifan ta zo daidai tsakiyar taf. Ya tallafi ƙarshen taf ɗin da tsinin baya don kada ya lanƙwashe. Ya sa injin a mafi ƙarancin gudu, yaron shago yana shafa kananzir da buroshi, domin alminiyam yana manne wa bakin wuƙa idan aka yanka shi a bushe.

Da faifan ya taɓa taf sai ya kama zagayawa da kansa, ƙananan zane suna fitowa a gefensa a jere. Na daɗe ban ga abin da ya faranta min rai haka ba. Amma da ya zagayo, sabon zane bai faɗa cikin tsoho ba, tsakaninsu ya faɗa. A zagaye na uku gefen ya fara zama gari. Baba ya ja faifan baya ya kashe injin.

Muka auna cikin kwarin: milimita 101.1. Kewayensa 317.6 ke nan, a raba da 1.75, ya ba da 181 da rabi. Babu lambar da ta fi wannan muni. Awon ya fito ne daga lissafin littafi, inda ake ɗora tsayin haƙori a kan 100.27 na haƙora 180. Wannan lissafi daidai ne a injin da ke tilasta wa faifai gudunsa. A nan kuwa faifan a sake yake, taf yana ƙirga haƙora ne a kan fatar da ya fara taɓawa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na zo da gutsure na biyu a jaka. Baba ya ce in mayar.

"Ba kai kac ce yawan haƙora bai dame ka ba? To don mi za mu ɓata sabon ƙarhe? Mu share wanga, mu sauka ƙasa kaɗan."

Zanen da ya lalace bai yi zurfi ba. Muka lissafa faɗin da kewayensa zai rabu da 1.75 ba saura. Na 180 shi ne 100.27, amma a nan tabon bai gama fita ba. Na 179 shi ne 99.71. Can muka nufa.

Da ya kusa kaiwa sai ya tsaya ya aika a kawo shayi. Faifan ya ɗauki zafi, alminiyam kuma yana buɗewa da kusan milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A faifai mai milimita 100, ƙarin digiri 20 ya kusa 0.05. Shi bai faɗi lamba ba, bayan hannunsa ya ɗora a kai ya ce ba a auna ƙarfe yana zazzaɓi. Da ya huce muka auna, ya ɗauke ɗan abin da ya rage, ma'auni ya tsaya a 99.7.

Wannan karon ya shigar da taf ɗin da ɗan zurfi tun zagayen farko, don ya kama sosai kada ya yi ta shafa. Muka sa alama da alli muna jira ta dawo. Ta dawo, haƙori ya faɗa cikin haƙori. Alhamdu lillahi. Daga nan sai haƙuri: a matsa kaɗan, a bar shi ya zagaya sau da dama, a wanke da kananzir, a ƙara matsawa. Da aka gama na ƙirga ina sa ɗigon maka a kowane na goma, yaron shago ma ya ƙirga nasa daban. Duka 179.

Sabon lissafi: 86,164 a raba da 179, sandar za ta yi juyi ɗaya cikin sakan 481.36.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Ranar sanda. A nan na roƙi Baba kada mu yi sauri, ya ce shi ma bai yi niyya ba.

Bai kama tagullar da bakin injin mai muƙamuƙi uku ba. Wannan bakin yana da tasa rawar, kuma duk lokacin da aka kwance ƙarfe aka sake ɗaurawa, tsakiya ta canza. Sai ya huda ɗan rami a kowane ƙarshen sandar ya rataye ta tsakanin tsini biyu. A haka ko an cire ta an juya ta, a kan layi guda take komawa. Ya feƙe wuyan biyu har boris 608 ya shiga da matsin babban yatsa, sannan ya koma kan tiredi.

Wuƙar tiredin da hannu ya wasa ta, yana gwada bakinta da ma'aunin digiri 60 yana ɗagawa wajen haske. Yankan kuwa kaɗan-kaɗan, kowane wucewa yana ɗauke abin da bai fi ƙura ba. A ƙarshe ya wuce sau da yawa ba tare da ya ƙara zurfi ba, don siririyar sanda tana ɗan gudun wuƙa, sai an bar ta ta dawo. Da ya ɗora agogon awo a wuyan, allurar ba ta cika gida ɗaya ba, wato ƙasa da 0.01.

Wani zai ce me ya hana in sayi doguwar sandar tiredi ta kasuwa in yanka. Waccan matsa ta ake yi a masana'anta don ɗaure abu, noti ba ya kula ko tana rawa. Ko an feƙe mata wuya, ba a da tabbacin tsakiyar wuyan ta dace da ta tiredin.

Tun da injin yana shirye, na ce a yanka ta biyu. Abin da ya ƙara min a kanta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na ta farko ba.

Alhamis, 11 ga Disamba

Sanda ta biyu ita na sa ta goge haƙoran faifan. Na haɗa su a mazauninsu, na shafa man goge tagulla, na juya sandar da injin huda a hankali har faifan ya yi ta zagayawa, gaba da baya. Wani bakanike ya ba ni shawarar man da suke goge bawul da shi, wai ya fi sauri. Ban karɓa ba. Tsakuwarsa tana nutsewa cikin alminiyam ta zauna, daga baya ta riƙa cin sandar har abada. Bayan gogewa na wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na sa sandar farko da giris kaɗan.

Moton taku 200 yake yi a juyi, allon da ke tuƙa shi yana raba kowane taku gida 16, ya zama 3,200. Kowane ƙaramin taku yana zuwa bayan sakan 0.15, yana matsar da kyamara sakan 2.3 na kusurwa, ƙasa da rabin ɗigo.

Ga abin da ya fita daga aljihuna a ɓangaren ƙarfe. Farantin alminiyam biyu naira 16,000, tagulla 7,000, taf 9,500, boris huɗu 8,000, fetur 9,000, kuɗin hannun Baba 40,000. Jimla 89,500, kuma a ciki har da shaf, da sanda ta biyu, da faranti guda da ba a taɓa ba. Kuɗin hannun ban nemi ragi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya nema. Mutumin da zai rufe injinsa ya jira ƙarfe ya huce, idan aka matse shi a farashi, wannan jiran ne zai fara fita daga aikin.

Asabar, 20 ga Disamba

Daren farko a waje, a gonar wani aminina a hanyar Wamakko. Babu wata, sanyi ya sauka sosai. Sama ta tsakiya garau, amma ƙasa-ƙasa hazo ya rufe, tauraron arewa kuma a digiri 13 yake, cikin ƙurar. Da ƙyar na gano shi da madubin hangen nesa na hannu. Na saita shaf da kamfas da ma'aunin karkata na waya, sannan na yi ta gyarawa ina duban inda tauraro ke zamewa a hoto.

Na ɗan rinjayar da nauyin kyamarar ta gabas, don haƙora su riƙa jingina a gefe guda ko yaushe. Hotunan sakan 30 kusan duka sun fito da taurari zagayayyu. A Kaza da 'ya'yanta na ga taurarin da ban taɓa sanin suna wurin ba, har da alamar shuɗin hayaƙin da ke kewaye da manyan. Na sakan 60 kuwa rabi sun yi kyau, rabi sun ɗan ja.

Don in san dalili, na karkatar da shaf da gangan na bar kyamara a buɗe minti 16, juyi biyu na sanda. Tauraron ya ja layi mai lanƙwasa sau biyu, iri ɗaya sak, faɗin lanƙwasar kusan ɗigo takwas. Tun da tana maimaituwa da juyin sanda, ba faifan ba ne, ba kuma iska ba.

Asabar, 10 ga Janairu, 2026

Na kai wa Baba mazaunin sandar a haɗe. Ya ɗora agogon awo a jikin wuyan, lafiya lau. Ya mayar da shi ƙarshen sandar ya juya da hannu, sai ga allura tana zuwa tana dawowa, gida ɗaya da ɗan wani abu. Sandar tana numfashi gaba da baya. Notin da ke matse boris ɗin fuskarsa ba ta miƙe ba, yana danna shi a karkace.

Ya cire notin gaba ɗaya. Ya fasa wani tsohon boris ya ɗauki ƙwallo guda, ya zaunar da shi cikin ɗan ramin tsinin da ke ƙarshen sandar, ƙwallon yana jingine da wani lafiyayyen guntun ƙarfe mai tauri. A ɗaya ƙarshen ya sa sifirin mai laushi yana tura sandar zuwa ga ƙwallon. Yanzu a kan ɗigo guda take juyawa, kuma ɗigon yana kan layin da aka yanka tiredin. Allurar ta kusa tsayawa cik. Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce gyaran aikinsa ne.

Daren jiya na maimaita gwajin minti 16 kafin wata ya fito. Lanƙwasar ta sauko zuwa kusan ɗigo huɗu, mafi yawan hotunan sakan 60 kuma sun tsaya. Abin da ya fi ɓata hoto yanzu shi ne saitin arewa. Ina son ɗan bututun leƙe da zai kwanta a jikin na'urar daidai da layin shaf, mariƙinsa kuma za a yanka daga farantin da ya rage. Ramin bututun da mazauninsa ne kaɗai za su buƙaci tsanani. Baba ya ce in kawo bututun da kansa ranar Talata bayan azahar, idan babu mota a kan jak.